Yadda Ake Sauya Makunnin Tsohon Injin Katako da Sitata Mai Maganaɗisu

Yawancin manyan injinan da ke aiki a shagunan kafintoci na Agege da Mushin da Ebute Metta sun girmi masu aiki da su. Akwai Wadkin da Startrite na Ingila, akwai SCM na Italiya, jefi-jefi kuma a ci karo da Delta ko Powermatic na Amurka, kusan dukkansu tokumbo ne da suka yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Gangar jikinsu zubin ƙarfe ce mai nauyi wadda ba ta san tsufa ba, moton da ke juya su kuma yakan jure fiye da na zamani. Abin da ke fara gazawa a jikinsu shi ne makunni, domin wani ya zo da na asali wanda ya riga ya cinye, wani kuma an cire na asalin an ɗaura masa makunnin bango irin na fitilar ɗaki, ko kuma wuƙar canjin layi irin wadda ake amfani da ita tsakanin Nepa da janareta.

Aibin irin waɗannan makunnai guda ɗaya ne, kuma a Legas ya fi muni: inda aka bar su, nan suke zama. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar tsaga katako, zarto zai tsaya amma makunni yana nan a kunne. Yaron shago zai sa hannu ya zare katakon da ya maƙale, ko ya share garin da ya taru a bakin zarto, sai kawai a dawo da wuta, ko kuma wani a bayan shago ya tayar da janareta ya juya layi ba tare da ya yi magana ba. Na taɓa ganin haka a wani shago da nake yi wa aikin waya, Allah ya taƙaita abin a kan katako, amma guntun da zarto ya cilla sai da ya huda langa-langar bango. Maganin wannan shi ne makunnin da ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, ba ya kuma komawa aiki sai mutum ya danna shi da hannunsa. Wannan bayani na wanda ya riga ya saba da aikin waya ne. Wanda bai saba ba, musamman idan injin mai fes uku ne, wato mai karɓar wayoyin wuta uku maimakon ɗaya, ya karanta domin ya san abin da zai saya da abin da zai sa ido a kai, sa'annan ya ɗauko ma'aikacin lantarki mai takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin lantarki, ya yi haɗin.

Yadda sitata mai maganaɗisu take aiki

Sitatar da ake nufi akwati ne ɗauke da abubuwa uku. Na farko kwantakta, wato makunnin da naɗin waya ke ja da ƙarfin maganaɗisu. Muddin wuta na bi ta cikin naɗin, bakunan kwantakta suna manne, moto yana juyawa, da zarar kuwa wuta ta yanke sai sifirin ya tura su baya. Na biyu obalodi, wanda ke jin zafin wutar da moto ke ja, ya yanke layi idan ta wuce kima na wani lokaci. Na uku madannai biyu, kore na tayarwa da ja na tsayarwa. Dabarar duka tana cikin wani ƙaramin baki da ke jikin kwantakta mai lamba 13 da 14: idan aka danna kore kwantakta ta ja, wannan baki shi ma yana rufewa ya ci gaba da ba naɗin wuta bayan an ɗaga yatsa. Idan wuta ta tafi bakin ya buɗe, ko da ta dawo babu hanyar da za ta kai ga naɗin sai an sake danna kore.

Ga ƙananan injina masu fes ɗaya, kamar ƙaramin zarton tebur ko injin huda, akwai ƙaramin makunni mai rubutun NVR wanda ke yin wannan aikin sakin kai a dunƙule ɗaya, kuma haɗa shi bai wuce wayoyi huɗu ba. Sai dai yawancinsu ba su da obalodi, saboda haka suna kare hannu amma ba sa kare moto. Ra'ayina shi ne duk injin da ya kai ƙarfin doki biyu, ko wanda ake wuni ana aiki da shi, a sa masa cikakkiyar sitata.

Mataki na farko: karanta farantin moto

Kafin a je kasuwa, a durƙusa a nemo farantin ƙarfen da ke manne a jikin moto, a goge shi da tsumma da ɗan kananzir, a haska shi da tocila daga gefe domin rubutun da ya shafe ya fito, a kuma ɗauki hotonsa da wayar hannu. Abubuwan da ake nema su ne yawan fes, da ƙarfin wuta a ma'aunin bolt, da amfiyar da moto ke ja idan yana cikakken aiki, da ƙarfinsa a kilowat ko ƙarfin doki, da kuma lambar Hz, wato sau nawa wuta ke kai da komo a daƙiƙa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce a fes ɗaya, kimanin 400 zuwa 415 a fes uku, a kan Hz 50, wannan kuwa ya yi daidai da injinan Ingila da na sauran Turai. Injinan Amurka an yi su ne domin Hz 60, kuma da yawa an haɗa su a kan bolt 115, don haka sai an buɗe akwatin wayar moto an tabbatar an mayar da haɗin kan 230 idan moton mai karɓar biyun ne. Ko an yi haka zai riƙa juyawa ƙasa da saurinsa na asali da kashi ɗaya cikin shida, zai kuma fi saurin ɗaukar zafi.

Lambar amfiya ita ce uwar lissafi, domin da ita ake zaɓen kwantakta da obalodi da kaurin waya. Idan farantin ya ɓace gaba ɗaya, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin motocin da aka sha yi wa sabon naɗi, ana iya kintatawa daga ƙarfinsa. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. A fes uku da bolt 400, moto mai kilowat 2.2 yana jan kusan amfiya 5, mai kilowat 4 kusan 8 da ɗoriya, mai 5.5 kusan 11, mai 7.5 kuma kusan 15. A fes ɗaya lissafin ya sha bamban ƙwarai, domin mai kilowat 2.2 a bolt 230 yakan ja wajen amfiya 13 ko 14. Kintace dai kintace ne, dole a tabbatar da shi daga baya da mitar da ake maƙala wa waya.

A kuma lura da lambobi biyu da ake rubutawa tare da alamar kusurwa uku da harafin Y. Idan an rubuta 230/400, to a wutarmu ta fes uku haɗin Y ake yi masa, kuma ba za a iya tayar da shi da sitatar sita-delta ba, wato wadda ke tayar da moto a haɗin Y sa'annan ta mayar da shi haɗin kusurwa uku domin rage fizgar wuta. Idan an rubuta 400/690, haɗin kusurwa uku yake so, kuma shi ne ke karɓar sita-delta. Wannan yana da muhimmanci ga manyan injina kamar filena mai faɗi, saboda moto yana fizgar ninki shida zuwa takwas na wutarsa a daidai lokacin tashi, ƙaramin janareta kuwa ba ya jure wannan fizga. Idan injin ya zo da sita-delta tun asali, za a ga wayoyi shida suna fitowa daga moto, to a maye gurbinta da irinta. Bayanin haɗin da ke ƙasa na sitata mai tayarwa kai tsaye ne, wadda ta wadatar da yawancin injinan da ba su wuce kilowat 5.5 ba.

Mataki na biyu: sayen kaya

Kayan nan ana samunsu a kasuwar Alaba da ke Ojo da kuma shagunan kayan lantarki na cikin Ikko. Ana iya sayen sitata a haɗe cikin akwatinta, wanda shi ne mafi sauƙi, ko a sayi kowane abu daban a haɗa. A jikin kwantakta akwai lambobin amfiya iri biyu, kuma a nan mutane ke faɗawa rami: wadda ke kusa da rubutun AC-1 ta kayan ɗumama ce, ta fi girma, mai shago kuma ita yakan nuna. Wadda ta shafi moto ita ce ta AC-3. A zaɓi kwantaktar da lambarta ta AC-3 ta ɗara amfiyar moto, misali mai amfiya 12 ga moton da ke jan 8, domin injin kafinta ana kashe shi ana kunnawa sau da dama a wuni. Obalodi kuwa yana zuwa da tazara, kamar 4 zuwa 6, ko 7 zuwa 10, ko 9 zuwa 13, sai a zaɓi wanda amfiyar moto ta faɗa cikin tazararsa, zai fi kyau ta kasance wajen tsakiya.

Abu na gaba shi ne ƙarfin wutar naɗin kwantakta, wanda ake rubutawa kusa da wuraren ɗaurin A1 da A2. Akwai na 230, akwai na 400, akwai ma na 110 da na 24. Tsofaffin injina masu fes uku galibi wayoyi huɗu ke shiga cikinsu, uku na wuta ɗaya na ƙasa, babu nutural. A irin wannan hali ko dai a sayi mai naɗin 400 wanda za a haɗa tsakanin fes biyu, ko kuma a jawo sabuwar waya mai ciki biyar domin a samu nutural a yi amfani da na 230. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a ari wayar ƙasa a matsayin nutural. Na sha tarar da wannan haɗin, kuma yana aiki lafiya lau har ranar da wayar ƙasa za ta tsinke a wani wuri, daga nan wutar lantarki ta shiga gangar jikin injin.

Akwatin ya kasance mai lambar kariya daga ƙura da ruwa ta IP54 ko sama da haka, IP65 ya fi, saboda garin katako yana shiga duk inda iska ke shiga, idan kuma ya haɗu da laimar damina da iskar teku sai ya zama danshi mai cin tagulla, a lokacin rani kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi kamawa. A haɗa da madannin gaggawa ja mai faɗin kai kamar laima, irin wanda ke maƙalewa idan an buga shi sai an murɗa ya saki, da makunnin raba layi mai wurin rataya kwaɗo, da robobin matse waya a bakin akwati, da kawunan tagulla da ake matsewa a ƙarshen waya. Ga motocin fes uku da ba su wuce kilowat 5.5 ba waya mai kaurin milimita 2.5 takan isa idan nisan bai yi yawa ba, moton fes ɗaya mai kilowat 2.2 kuwa gara a ba shi milimita 4 idan akwai tazara tsakaninsa da allon rabon wuta. Game da suna, Schneider da Siemens da ABB da Chint duk sanannu ne, amma sanannen suna shi ake yi wa jabu. Jabun kwantakta ba ta da nauyi a hannu, rubutunta yana gogewa da farce, sukurorinta kuma suna lanƙwashewa tun ɗaurin farko. A karɓi rasiɗi, a kuma yi sharaɗin mayarwa.

Mataki na uku: kashe wuta da cire tsohon makunni

A kashe bireka ta wannan layi a allon rabon wuta, a cire fis idan fis ne, a sa shi a aljihu. A shagon da ke da janareta a mayar da wuƙar canjin layi tsakiya, a kuma gaya wa kowa, tun daga maigida har ƙaramin almajirin shago, cewa ana aiki a kan layi. Faɗa kaɗai ba ta isa ba, a rataya kwaɗo a riƙe makullin. Bayan haka a gwada mita a soket mai wuta domin a tabbatar tana aiki, a auna tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta da kuma tsakanin kowace waya da jikin inji, sa'annan a sake gwada mitar a soket. Tasta mai kama da sukudireba ba abin dogaro ba ce a wannan aiki. Idan moton mai fes ɗaya ne, kafasitarsa tana iya riƙe wuta bayan an kashe, saboda haka a jira 'yan mintoci a auna ta kafin a kai hannu.

Kafin a kwance ko da sukuru ɗaya, a ɗauki hoton haɗin daga ɓangarori biyu ko uku, a naɗa wa kowace waya salatif a rubuta inda ta fito. Launin waya a tsohon inji yana yaudara. A tsohon tsarin Ingila wayoyin wuta ja da rawaya da shuɗi ne, baƙa kuma nutural. A tsarin da aka koma tun daga 2004 wayoyin wuta ruwan ƙasa da baƙa da toka-toka ne, shuɗiya ita ce nutural. Ke nan baƙa da shuɗiya sun yi musayar ma'ana, kuma a shago ɗaya ana iya samun tsarin biyu a gauraye. A injin Amurka kuma baƙa ta wuta ce, fara nutural, koriya ta ƙasa. Mita ce kaɗai za ta faɗi gaskiya.

Idan aka buɗe tsohon akwati aka ga wani farin abu mai kama da kwali ko saƙaƙƙen zare a bayan fis ko tsakanin bakunan makunni, ana iya samun asbesto ne, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu. Kada a kankare shi ko a hura masa iska, a cire akwatin ɗungurungum a ƙulle a leda. Wayoyin da rigarsu ta roba ta bushe tana farfashewa idan an lanƙwasa su, a sauya su har zuwa cikin moto, domin ɗaura sabuwar sitata a kan ruɓaɓɓiyar waya ɓarnar kuɗi ce. Tunda wayoyin moto suna sake a wannan lokaci, wannan ce damar auna lafiyar naɗinsa da mitar mega a bolt 500 tsakanin kowane naɗi da gangar jiki. Abin da ya gaza megom 1 alama ce ta laima ko ƙonewa, injin da ya sha ambaliya a damina kuwa sai an busar da motonsa an sake aunawa.

Mataki na huɗu: inda za a kafa akwati

Masu ƙera injinan da sukan ɓoye makunni a ƙasan tebur ko a gefen da mai aiki ba ya tsayawa. Ba dole ba ne a bi su. Mai aikin ya tsaya yadda ya saba tsayawa riƙe da katako da hannu biyu, a duba inda gwiwarsa ko cinyarsa take kaiwa ba tare da ya sunkuya ba, nan ne mazaunin jan madanni. Koren madanni kuma ya zama mai nutsewa cikin zobensa yadda katako ko gwiwa ba za su danna shi bisa kuskure ba. A filena da dogon zarto, inda mutum ɗaya ke turawa wani yana karɓa a ɗaya gefen, a ƙara madannin tsayarwa na biyu a wajen mai karɓa.

Zubin ƙarfe yana hudawa cikin sauƙi amma yana tsagewa idan aka matsa kusa da gefe, saboda haka gara a yanko farantin ƙarfe a ɗaure shi a ramukan tsohon makunni, a kafa sabon akwati a kansa. Wayoyi su shiga ta ƙasan akwati, kowace ta cikin robarta mai matsewa, duk ramin da ba a yi amfani da shi ba kuma a toshe shi.

Mataki na biyar: haɗin wayoyi

A fara da wayar ƙasa mai launin kore da rawaya. Ta taso daga layin shago ta sauka a sukurun ƙasa na akwati, daga nan wata ta tafi jikin moto, wata kuma gangar jikin inji, a kankare fenti da tsatsa a wurin ɗaurin har ƙarfe ya yi haske. Shaguna da yawa ba su da sandar ƙasa ko kaɗan, wasu kuma tasu ta ruɓe a cikin ƙasa tuntuni, don haka a bincika wannan ma.

A fes uku, wayoyin wuta uku suna fitowa daga makunnin raba layi su shiga saman kwantakta a L1 da L2 da L3. Obalodi yana maƙale a ƙasan kwantakta da ƙafafunsa uku, wayoyin moto kuma suna fita daga ƙasansa a T1 da T2 da T3. A fes ɗaya akwai wata dabara da ake yawan mantawa. Obalodi mai ƙafa uku an yi shi ne ya yanke layi idan ya ji ƙafa ɗaya babu wuta, saboda haka dole wuta ta bi ta dukkan ukun. Wayar wuta ta shiga L1, a ɗauko guntuwar waya mai kauri ɗaya daga T1 a mayar da ita sama zuwa L2, sai T2 ta tafi moto. Nutural ta shiga L3 ta fita ta T3 zuwa moto. Wanda ya bar ƙafa ɗaya fayau zai yi ta fama da obalodi mai yankewa babu dalili.

Saura layin sarrafawa, wanda siririyar waya mai milimita 1 ko 1.5 ta ishe shi. A ɗauko wuta daga L1 ta saman kwantakta, ta bi ta ƙaramin fis mai amfiya 2, ta shiga lamba 95 a jikin obalodi. Daga 96 ta tafi jan madanni, wanda bakinsa a rufe yake sai an danna, ana gane shi da rubutun NC ko lamba 1 da 2. Idan akwai madannin gaggawa, ko na biyu a wajen mai karɓa, ko makunnin murfin zarto, dukkansu a jere suke shiga nan, wuta ta fita daga wannan ta shiga wancan, yadda kowanne aka taɓa layin zai yanke. Daga na ƙarshensu waya ta rabu biyu, ɗaya ta shiga koren madanni mai rubutun NO ko lamba 3 da 4, ɗaya ta tafi lamba 13 a jikin kwantakta. Ɗaya gefen koren madanni da lamba 14 su haɗu su tafi A1. A2 kuma ta tafi nutural idan naɗin na 230 ne, ko L2 idan na 400 ne. Idan bayan an gama aka ga injin yana tashi muddin yatsa na kan kore amma yana mutuwa da an ɗaga, to kuskuren yana wajen 13 da 14. A sitatar da aka saya a haɗe yawancin wannan an riga an yi shi, abin da ya rage shi ne a cire 'yar gadar wayar da aka tanada a saka ƙarin madannai a gurbinta.

A ɗaure kowane sukuru tamau, a ja kowace waya da hannu a ga ko za ta zame, kada a bar silin tagulla ko ɗaya a waje. Sai a juya ƙaramin faifan da ke fuskar obalodi zuwa daidai amfiyar farantin moto. A sita-delta, inda obalodi ke zaune a kan layin naɗin moto, ana saita shi ne a kan amfiyar farantin sau 0.58. Akwai kuma wani ɗan maɓalli mai harafin H ko M a gefe ɗaya da A a ɗaya gefen, a bar shi a kan H ko M domin idan obalodi ya yanke sai mutum ya zo da kansa ya mayar, ya kuma tambayi dalili. A tuna cewa obalodi ba ya maganin haɗuwar waya da waya, wannan aikin bireka ne ko fis a allon rabo, kuma bireka mai harafin C ko D ce ke jure fizgar tashin moto ba tare da ta faɗi ba.

Injin da aka sa wa inbata mai mayar da fes ɗaya zuwa uku hukuncinsa daban ne. Ba a sa kwantakta tsakanin inbata da moto, domin yanke layi a nan yana iya ƙona ta. Madannan suna shiga ne a ƙananan wuraren ɗaurin sarrafawa na inbatar, a kuma shiga saitinta a kashe umarnin tashi da kai bayan dawowar wuta.

Mataki na shida: gwaji

A cire bel, ko a cire zarto da wuƙaƙe idan moton kai tsaye yake juya su. A rufe akwati, a mayar da wuta, a danna kore a bi shi da ja nan take, ana kallon inda moto ya nufa. Moton fes uku yana iya juyawa baya, zarton da ke juyawa baya kuwa yana iya kwance notin da ke riƙe da shi. Idan haka ta faru a kashe wuta a musanya kowaɗanne biyu daga cikin T1 da T2 da T3. Wajibi ne a yi wannan gwaji sau biyu, a kan wutar kamfani da kuma a kan janareta, domin ba mamaki jerin fes ɗinsu ya saɓa, idan kuwa ya saɓa a wajen wuƙar canjin layi za a gyara, ba a jikin inji ba. Haka nan duk ranar da ma'aikatan Ikeja Electric ko na Eko suka yi aiki a kan taransifoma ko turken unguwa, a duba juyin moto kafin a ɗora katako.

Daga nan sai gwajin da aka yi aikin dominsa. A tayar da inji, a je a kashe bireka, a ji kwantakta ta saki da ƙara, a mayar da bireka. Injin ya zauna shiru. A gwada kowane jan madanni ɗaya bayan ɗaya, a danna maɓallin gwaji na obalodi a ga ya yanke. Idan duk sun yi, a mayar da bel da zarto da murfinsu, a maƙala mita a kowace wayar moto ana tsaga katako mai tauri kamar iroko, a ga amfiyar ba ta wuce ta faranti ba kuma layukan uku sun yi kusa da juna. Bayan aikin rabin sa'a a kashe wuta a taɓa wuraren ɗauri, wanda ya yi zafi bai ɗauru ba.

Akwai ƙorafi ɗaya da ke biyo bayan wannan aiki a unguwannin da wuta ke zuwa da rauni. An ƙera naɗin kwantakta ya ja sosai daga kashi 85 cikin ɗari na ƙarfin da aka rubuta masa, wato wajen bolt 195 ga na 230, ko 340 ga na 400. Idan wuta ta yi ƙasa da haka sai a ji kwantakta tana karkarwa kamar haƙoran mai jin sanyi, ko ta ƙi kamawa sam. A nan ne wasu ke buɗe akwati su cusa tsinke ko guntun katako su danne ta, wasu kuma su murɗa obalodi zuwa ƙarshe domin ya daina damunsu. Wanda ya yi haka ya mayar da sitatar tsohon makunnin da aka cire, ya kuma ɗora moto a hanyar mai naɗi, domin moto yana ƙara jan amfiya ne idan wuta ta yi rauni. Abin yi shi ne a auna wutar a allon rabo da kuma a bakin inji yayin da yake aiki. Idan bambancin yana da yawa, wayar shago ce ta yi siriri ko wani ɗauri ya saki. Idan kuwa tun daga turke take da rauni, sai a koma janareta har ta daidaita, kuma a shagon da fes ɗaya ke yawan ɗaukewa ya bar biyu, a ƙara na'urar lura da fes a jere da jan madanni domin ta hana injin tashi a kan layi biyu.

Bayan mako guda ana aiki a kashe wuta a sake bin sukurorin duka, saboda girgizar inji tana sassauta sabon ɗauri. Daga nan kuma duk wata uku a buɗe akwatin a share ƙura da busasshen buroshi, a duba robar bakin murfi ko ta tsage, a kuma manna takarda a cikin murfin ɗauke da zanen haɗin da amfiyar da aka saita obalodi a kai da ranar da aka yi aikin.